Tsohon cocin Methodist na Badagry: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibai da malaman tarihi a Katsina da Daura

A darasin zuwan 'yan mishan Najeriya, abin da ɗalibi a Katsina ko Daura yakan haddace bai wuce layi ɗaya ba: Badagry, 1842, Freeman. Da an shiga bincike kuwa sai tambayoyi su yi ta ɓullowa, wasu kan shekaru, wasu kan gini, wasu kan abin da ya haɗa wannan labari da ƙasar Hausa. Mun tattara waɗanda aka fi yi, muka amsa su gwargwadon abin da ya tabbata.

Ina Badagry take, kuma wane coci ake nufi?

Badagry gari ne a Jihar Legas, a bakin wani dogon ruwa da ke kwance tsakanin gari da teku. Tana yamma da Ikko da wajen kilomita 60, a kan hanyar da ke zuwa iyakar Seme da Kwatano. Mutanen garin su ne Ogu, waɗanda ake kuma kira Egun, sarautar sarkinsu Akran. Cocin da ake magana a kai shi ne babban cocin Methodist na garin, wanda aka sa wa sunan Freeman don tunawa da mutumin da ya kafa shi. Daga jama'ar wannan coci ne Cocin Methodist na Najeriya yake ƙirga asalinsa, ranar 24 ga Satumba 1842.

Su wane ne 'yan Methodist?

Ɗarika ce ta Kirista da ta tsiro a Ingila a cikin cocin Anglican. Wanda ya assasa ta shi ne John Wesley, wanda aka haifa a 1703 ya rasu a 1791, tare da ƙanensa Charles, mai tsara waƙoƙin yabo. Sun fara ne a Jami'ar Oxford wajen 1729, 'yan tsiraru masu tsara lokutan addu'a da azumi da ziyarar fursunoni. Wesley ya yi suna da wa'azi a fili, a bakin ma'adinan kwal da kasuwanni, inda limaman zamaninsa ba sa zuwa. Shi kansa bai fita daga Anglican ba har ya rasu. Bayansa ne mabiyansa suka tsaya da ƙafarsu. Abin da ya shafi labarinmu a nan shi ne ƙin jininsa ga cinikin bayi. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya rubuta wa William Wilberforce wasiƙa yana ƙarfafa masa gwiwa kada ya saki yaƙin da yake yi da wannan ciniki a majalisar Birtaniya.

Wa ya kira su Badagry? Ko da kansu suka zo?

Kiran su aka yi, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da littattafan makaranta suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙinsa.

Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807. Daga nan jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi a teku, suna sauke mutanen da ke ciki a Freetown ta ƙasar Saliyo. A daidai wannan zamani daular Oyo tana rugujewa, yaƙe-yaƙe sun cika ƙasar Yarbawa, a Arewa kuma ana yaƙe-yaƙen jihadi tun 1804. Saboda haka waɗanda aka sauke a Freetown ba Yarbawa kaɗai ba ne. Akwai Hausawa da Nufawa da Barebari. Wani Babarbare mai suna Ali Eisami, wanda aka kama a Borno aka bi da shi ta ƙasar Hausa har ƙasar Yarbawa, an sauke shi can a 1818, daga baya shi ya zauna da masanin harsuna Koelle yana koya masa Barbarci. Wasu daga cikin waɗannan mutane sun riƙe Musuluncinsu, wasu sun shiga Anglican, wasu Methodist.

Zuwa 1839 wasunsu sun yi ƙarfi a kasuwanci. Suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen jiragen bayin da aka kama, waɗanda hukuma ke gwanjonsu, suna fatauci da su a gaɓar teku. Da suka isa Badagry suka ji ana Yarbanci a kasuwa, suka kuma sami labarin cewa 'yan uwansu Egba sun kafa sabon gari a Abeokuta wajen 1830. Nan da nan aka fara komawa gida, ɗari bisa ɗari. Waɗannan su ake kira Saro. A 1841 ɗaya daga cikinsu, James Ferguson, ya aika wasiƙa Saliyo yana roƙon a turo musu malamin addini. Wannan wasiƙa ce ta kai ga zuwan Freeman.

Don haka wanda ya rubuta cewa Turawa sun kawo coci Badagry bai faɗi gaskiyar duka ba. Jama'ar cocin ta riga limaminta isowa, kuma baƙaƙen fata ne da aka taɓa sayarwa a wannan gaɓa.

Wane ne Freeman?

Thomas Birch Freeman, an haife shi a Ingila a 1809, mahaifinsa baƙar fata, mahaifiyarsa Baturiya. Sana'arsa ta farko aikin lambu da sanin tsirrai. Ya iso Cape Coast a ƙasar Gana ta yau a farkon 1838, a lokacin da zazzaɓi ke kashe 'yan mishan cikin watanni. Matarsa ma ba ta daɗe ba ta rasu. Shi ya rayu, ya je Kumasi a 1839. Ya sauka Badagry a Satumba 1842 tare da William de Graft, ɗan ƙabilar Fante ta Gana, da matar de Graft. A Disamba 1842 ya wuce Abeokuta, inda Sodeke, jagoran Egba, ya karɓe shi hannu biyu. Da ya dawo sai ya tarar Henry Townsend na Anglican ya iso, suka yi sujadar Kirsimeti tare. A 1843 ya ziyarci Sarki Gezo na Dahomey.

A lura: Freeman 'yan watanni kawai ya yi ya koma. De Graft da matarsa su suka zauna, suka riƙe jama'a, suka buɗe makaranta a 1843. Freeman ya ajiye aiki a 1857 bayan saɓani da hedikwatar London kan kashe kuɗi, ya koma aikin mishan a 1873, ya rasu a Accra a 1890.

Ginin da ke tsaye yau shi ne na 1842?

A'a, kuma a nan ɗalibai suka fi yin kuskure a rubutun kammala karatu. Abu uku ne kowanne da shekarunsa: jama'ar coci, filin da take taruwa, da ginin da ke kan filin. Idan aka ga 1842 a jikin bango ko allo, shekarar kafa jama'ar ake nufi.

Wa'azin farko a gindin wata babbar bishiya aka yi shi, wadda mutanen garin ke kira Agia. Bishiyar ta faɗi a 1959, yanzu wani ginshiƙin tunawa ne a wurin. Ɗakin sujada na farko da gora da ciyawa aka yi shi. Gidan mishan ɗin kuma an ɗaga shi sama a kan gungumen itacen kwakwa, don gudun laima da samun iska, domin a wancan lokaci sun ɗauka tururin fadama ne ke kawo zazzaɓi, ba a gano sauro ba tukuna. Irin wannan gini ba ya shekara da yawa a bakin teku: in gara ba ta ci ba, gobara ta ci.

Tsofaffin coci-coci na wannan gaɓa kusan duk hanya ɗaya suka bi: gora da ciyawa, sai ginin ƙasa, sai jan bulo da rufin kwano, sai siminti da ƙarfe. Kowane mataki yakan zo ne bayan gobara, ko yawan jama'a, ko bikin cika wasu shekaru. Mai bincike ya duba duwatsun harsashi da ke ƙasan bango, da allunan tunawa na marmara a ciki, da rubutun jikin ƙararrawa. Sau da yawa ƙararrawa da allunan sun girmi ginin da suke ciki, domin daga tsohon gini aka ɗauko su.

Wani ruɗani kuma: benen nan da ake nuna wa baƙi a Badagry a matsayin bene na farko, wanda aka gama a 1845, ba na Methodist ba ne. Na Anglican ne, limaminsu Gollmer ya gina shi.

To shi ne coci na farko a Najeriya?

In ana nufin wanda jama'arsa ba ta yanke ba har yau, ana iya cewa haka. In ana nufin farkon zuwan Kiristanci ƙasar nan, a'a. Limaman Katolika daga Fotugal sun isa masarautar Benin tun farkon ƙarni na 16, sun kuma daɗe suna hulɗa da fadar Warri, amma abin bai kafu cikin jama'a ba. Mutumin Katsina zai so ya san cewa a 1711 wasu limaman Katolika biyu da suka taso daga Tarabulus, suka bi ta Agadas, a Katsina suka rasu. Ba su bar jama'a ba. Bayan Methodist kuma sai Anglican, sai Presbyterian a Kalaba a 1846 ƙarƙashin Hope Waddell, sai Baptist a 1850.

Mutanen Badagry sun rungumi sabon addinin?

Kaɗan ƙwarai. Sarakunan unguwannin garin sun yi maraba da 'yan mishan ne da fatan za su jawo musu 'yan kasuwar Ingila, domin cinikin bayi yana ja da baya, Legas da Porto-Novo kuma sun sha gabansu. Da suka ga makaranta da wa'azi aka kawo, sai suka yi sanyi. Egun sun riƙe addinin iyayensu, cocin ya zama na Saro da wasu baƙi.

Sannan siyasa ta shigo. Akitoye, sarkin Legas da abokin hamayyarsa Kosoko ya kora, ya yi gudun hijira a Badagry. A tsakiyar 1851 faɗa ya ɓarke a garin tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu, aka ƙone mafi yawan gidaje. A Disamba na wannan shekara jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, aka kori Kosoko, aka mayar da Akitoye, ya sa hannu kan yarjejeniyar daina cinikin bayi ranar 1 ga Janairu 1852. 'Yan mishan suka kwashe kayansu suka bi shi Legas. Daga nan nauyin aikin Methodist ya koma Olowogbowo, unguwar Saro a tsibirin Legas, da Tinubu da Ereko, Badagry ta zama reshe. A 1861 Birtaniya ta haɗiye Legas gaba ɗaya.

Bai kamata a ɓoye wa ɗalibi wannan ba: wasu 'yan mishan, musamman na Anglican, sun matsa wa Birtaniya lamba ta kai wannan hari. Niyyarsu kashe cinikin bayi, kuma cinikin ya mutu a Legas, amma ta wannan ƙofa mulkin mallaka ya shigo. A koyar da duka biyun tare.

Yaya ake tafiyar da irin wannan coci? Me ya sa ya ɗore duk da mutuwar limamai?

Sirrin yana cikin abin da suke kira aji. Asalinsa a garin Bristol ne a 1742, lokacin da bashin ginin ɗakin wa'azi ya yi musu yawa. Sai aka kasa jama'a rukuni-rukuni, mutum 12 a kowane, aka naɗa jagora wanda zai karɓi kwabo ɗaya daga kowa duk mako, in wani ba shi da shi jagoran ya cika. Da ana wannan zagaye sai aka ga jagora yana sanin halin kowa: wa ba shi da lafiya, wa ya koma shan giya, wa ke rigima da matarsa. Sai Wesley ya mayar da shi tsarin tarbiyya.

Ga yadda yake aiki. Sabon shiga yakan zauna a matsayin ɗan gwaji na wani lokaci kafin a karɓe shi cikakke. Aji na haɗuwa sau ɗaya a mako, jagora yana riƙe da littafi mai layin kowane mutum, yana sa alamar halarta da abin da ya bayar. Duk wata uku limami yakan zo ya duba littafin, ya ba kowane cikakken ɗan coci ɗan tikiti mai ɗauke da sunansa da aya daga Littafi Mai Tsarki. Wanda aka hana tikiti ya san an dakatar da shi. Coci-coci da yawa su ke haɗuwa su zama da'ira ɗaya a ƙarƙashin babban limami. Tun da limami ɗaya ba zai iya zuwa ko'ina ranar Lahadi ba, sai a horar da masu wa'azin sa kai daga cikin jama'a, kafinta ko akawu ko malamin makaranta, a fitar da jadawali na wata uku mai nuna wanda zai hau mumbari a kowane wuri. Kuɗi da gini kuma suna hannun wakilai daga jama'a, ba limami ba.

Shi ya sa ko Bature ya mutu, ko an kore shi kamar yadda Egba suka kori Turawan mishan daga Abeokuta a 1867, sujada ba ta tsayawa. Inda tsarin ke samun matsala shi ne idan aji ya yi girma ya kai mutum 40 ko 50, jagora ya daina sanin mutanensa, taron ya koma karɓar kuɗi kawai. Haka kuma in aka bar littafin kuɗi a hannun mutum ɗaya shekara da shekaru ba mai dubawa.

Me suka bari bayan coci?

Makarantu da asibitoci. A Legas sun buɗe sakandaren maza a 1878, ta mata a 1879. Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a ta mazan. A Badun sun kafa kwalejin horar da malamai ta Wesley a 1905, inda Obafemi Awolowo ya yi karatu. A gabas, inda wani reshe nasu ya shigo daga tsibirin Fernando Po a 1893, sun kafa kwaleji a Uzuakoli a 1923, da mazaunin kutare a 1932 wanda ya yi suna wajen gwajin maganin kuturta. Akwai kuma abin da ya shigo har ɗakunan matanmu: katin awon jarirai da ake zana nauyin yaro wata-wata a asibitin sha-ka-tafi. Likita David Morley ne ya tsara irinsa lokacin da yake aiki da asibitin Wesley na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, daga ƙarshen shekarun 1950.

Ɗalibai kan kwatanta 1843 da 1922, shekarar da aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, su ce ratar kusan shekara 80 ce. A fannin boko haka ne, kuma ratar ta yi tasiri a aikin gwamnati har bayan samun 'yanci. Amma kada a karanta ta a matsayin ratar ilimi. Garin Ɗan Marina da Ɗan Masani yana rubutu da karantarwa tun kafin a haifi Wesley. Musulmin Legas ma sun daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan don tsoron a juya musu 'ya'ya, abin da ya sa suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a 1923 suka gina nasu.

An ce sun sha rabuwa. Me ya jawo?

Biyu ne manya. A 1917 shugaban mishan ɗin a Legas ya ɗauki matakin korar masu mata fiye da ɗaya daga cocin Ereko. Mutane da dama suka fice suka kafa nasu cocin Methodist na 'yan Afirka, wanda ake wa laƙabi da Eleja saboda kusa da kasuwar kifi suka fara taruwa. Yana nan har yanzu.

Na biyu ya zo bayan cin gashin kai. An raba yankin Legas daga na Gana a 1878, sannan cocin Najeriya ya fita daga ƙarƙashin na Birtaniya ranar 28 ga Satumba 1962. A 1976 Farfesa Bolaji Idowu, wanda ke shugabanci, ya kawo sabon tsarin mulki mai bishop-bishop da manyan riguna, shi kuma ya ɗauki muƙami mafi girma. Hujjarsa ita ce cocin ya dace da yadda 'yan Afirka suka san shugabanci. Wasu suka ga an ƙwace ikon jama'a, wanda shi ne ƙashin bayan ɗarikar. Aka rabu gida biyu, aka yi ta shari'a kan gine-gine, sai a Mayu 1990 aka sasanta, a zamanin Sunday Mbang.

Me ya sa ba su kafu a Katsina da Daura ba?

Sun gwada nufo Arewa tun da wuri. A ƙarshen shekarun 1870 sun tura Allakura Sharpe, Babarbare da aka 'yanta daga bauta, zuwa Eggan a ƙasar Nufe, amma aikin bai ɗore ba. Da Turawa suka ci Arewa, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. A ƙasar Katsina ƙofar da aka buɗe daga baya ta aikin kuturta ce, a Babbar Ruga, kuma mishan ɗin SIM ne ya shiga, wanda ECWA ta fito daga gare shi. 'Yan Methodist da suka zo Arewa galibi ma'aikatan jirgin ƙasa ne da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Dogo ya isa Kano a 1911, daga baya ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, bai shiga birnin Katsina ko Daura ba. Cocinsu ya bi dogo, ya zauna a unguwannin baƙi, ana sujada da Yarbanci ko Ibo ko Turanci.

Su ne 'yan Methodist ɗin da ke Taraba?

A'a. Na Jalingo da Bambur asalinsu mishan ne daga Amurka, wanda ya zauna a Bambur a 1923, kuma suna amfani da Hausa sosai a sujada. Kakansu ɗaya a aƙida, amma shugabanci da dukiya kowa da nasa.

Me ke lalata tsohon gini a bakin teku?

Ruwa da gishiri. Ruwan saman Badagry ya ninka na Katsina sau biyu ko fiye, iska kuma ɗauke take da gishiri duk shekara. A nan gida, gini irin Hasumiyar Gobarau abin da yake nema shi ne yaɓe a kan kari da gyaran indararo kafin damina, rani kuma ya busar da shi. A can bango ba ya samun ranin da zai bushe.

Lalacewa daga sama take farawa. Ƙusoshin kwano su yi tsatsa, ruwa ya bi ramin ya jiƙa katako, gara ta samu abin da take so. Daga ƙasa kuma laima na hawa bango har kusan mita ɗaya, tana ɗauke da gishiri. In ta bushe sai gishirin ya zama gari-gari ya tura filasta waje. Kuskuren da aka fi yi wajen gyara shi ne a shafe tsohon bulo da siminti mai ƙarfi, a bi da fenti mai sheƙi. Tsohon bulo da farar ƙasa aka ɗaure shi, wadda a gaɓar teku ake samu ta hanyar ƙona ɓawon katantanwar ruwa, kuma irin wannan bango yana fitar da laima ta jikinsa. In aka toshe shi da siminti, laimar ta maƙale a ciki, bulon ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta zubo faifai guda. Abin da ya dace shi ne farar ƙasa kashi 1 da yashi kashi 3, yashin kuma na rafi, ko wanda aka wanke sosai, don yashin teku gishiri ne. Inda aka ƙara ginshiƙan kankare, rodin ciki in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren. Haka kuma ɗaɓe harabar coci da siminti har jikin bango, sama da tsayin daɓen ciki, yana mayar da ruwa cikin harsashi. Tsarin gyara shi ne rufi da magudanan ruwa tukuna, a bar bango ya sha iska, sannan filasta, fenti a ƙarshe. Kwamitocin da ke gaggawar biki sukan fara da fenti.

Ɗalibin da ke son yin bincike, ina zai sami takardu?

Wuri uku. A cocin kansa akwai rajistar baftisma da ta aure da ta jana'iza, da littattafan aji, da bayanan taron wata uku. Na gwamnatin mulkin mallaka na yankin Legas suna Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Badun; na Arewa suna na Kaduna, a haɗa da Gidan Arewa. Wasiƙun da 'yan mishan suka aika gida kuma suna makarantar SOAS a London.

A tafi da takardar gabatarwa daga sashen tarihi, a miƙa wa limamin da'ira, a ba shi lokaci ya sanar da wakilai, don su ke riƙe da makulli. Rajistar baftisma tana nuna rana, sunan wanda aka yi wa, iyaye, unguwa, sana'a, da limamin da ya yi. Layin sana'a da na unguwa sun fi amfani ga mai tarihi. Wajen neman 'yan Arewa a lura da rubutun zamanin: Bahaushe na iya fitowa a matsayin Houssa ko Gambari, Banufe Tapa, Katsina kuma Kashna. Saro da yawa sun ɗauki sunayen Turawa irin su Williams da Cole, wasu jikokinsu suka koma sunayen Yarbanci a ƙarshen ƙarni na 19, don haka iyali ɗaya na iya bayyana da suna biyu. Rahoton da ɗan mishan ya aika London kuma a karanta shi da sanin cewa masu ba da gudummawa yake rubuta wa. A gwada adadin da ya faɗa da na littafin aji.

Tawadar zamanin tana cin takarda, shafi yakan karye a kan layin rubutu. A yi amfani da fensir kawai, a ɗauki hoto ba tare da walƙiya ba, a fara da bangon littafi da lambar shafi don kada hotuna su cakuɗe. Kada a liƙa salatif, kada a yarda a rufe tsohuwar takarda da leda mai zafi, domin ba ta ɓantaruwa kuma.

In makaranta za ta kai ɗalibai ziyara, me ya kamata a shirya?

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yuni da Yuli ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Tafiya daga Katsina ta wuce kilomita 1,000, a ware mata kwana biyu, a kwana a hanya maimakon tafiyar dare. Daga Legas ana bi ta Mile 2, a wuce Alaba Rago, wurin da ya yi suna da kasuwar dabbobi ta 'yan uwanmu, sai Okokomaiko da Agbara. A fita da asuba saboda cunkoso. Hanyar iyaka ce, shingayen kwastan da na jami'an shige da fice suna da yawa, don haka kowane ɗalibi ya riƙe katin shaida, malami kuma ya riƙe jerin sunaye da takardar makaranta.

A zaɓi ranar aiki, ba Lahadi ba, a kuma sanar tun da wuri. Ba a cire takalmi a ƙofar coci, maza dai sukan cire hula. Wanda bai so ya cire ba ya gaya wa mai rakiya, ba a cika matsawa ba. Hijabi ba matsala. Kada a haura wajen bagade ko mumbari sai da izini, haka ɗaukar hoto. Ɗalibin da bai son shiga kada a tilasta masa, duwatsun harsashi da kaburbura duk a waje suke. Masallatai na nan a garin, ba za a rasa wurin salla ba.

Wuraren suna kusa da juna, ana iya zagawa a ƙafa: cocin, ginshiƙin Agia, benen 1845, gidan tarihi da ke tsohon ofishin Di'o na 1863, da kurkukun bayi na Seriki Abass. A tuna wa ɗalibai cewa daga wannan gari Baturen nan mai binciken ƙasashe Clapperton ya kama hanyar Sakkwato a Disamba 1825. Zuwa tsibirin Gberefu, inda ake bi da bayi zuwa bakin teku, sai an shiga kwalekwale, sannan a yi tafiyar ƙafa mai ɗan nisa cikin yashi da rana. A riƙe ruwan sha, a daidaita kuɗin zuwa da dawowa kafin a shiga, a ƙirga ɗalibai a kowace gaɓa, kuma kada kowa ya hau sai da rigar ruwa a jikinsa.